Yadda Ake Faskaren Icce Da Jera Shi Kafin Ɗari Ya Sauka A Tawa

Duk wanda ya taɓa kwana a Tawa cikin watan Janairu ya san abin da ake kira ɗari. Da rana busasshiyar iska ce mai ƙura take kaɗowa daga arewa maso gabas, tana fasa leɓe da dunduniya. Da dare ma'aunin zafi yakan sauka wajen digiri 15, wani daren ƙasa da haka, da asuba kuwa ruwan randa sai ya yi kamar zai tsinke wa mutum yatsu wurin alwala. A irin wannan lokaci aikin icce ya wuce dafa tuwo. Da shi ake ɗuma ruwan wankan yara, da shi ake cika kaskon tsohuwa da garwashi, in kuma an yi haihuwa a gida tukunyar wankan jego ba ta hutawa safe da yamma har kwana 40. Ni nake yi wa gidanmu tanadin icce kowace shekara, kuma yadda nake yi zan faɗa, tun daga saye har zuwa daren da garwashin zai shiga ɗakin Inna.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka nemi iccenka da kaka, cikin Oktoba ko farkon Nuwamba, lokacin da ruwa ya ɗauke, hanyoyin ƙauye suka bushe, masu amalanke da raƙuma suka fara samun sarari bayan ɗibar hatsi. In ka bari har Disamba ta raba, kowa nema yake, kuɗin ya hau, kuma a lokacin ne ake cusa ɗanye a tsakiyar dami. Ɗanyen icce kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Kafin ya ba ka zafi sai wuta ta fara ƙone ruwan nan, shi ya sa kake jin yana tsuwa, kumfa na fita ta gindinsa, hayaƙi na cika gida mata suna ta fifita da hawaye. Sai ruwan ya koma ƙasa da kashi 20 cikin 100 icce yake ci da kyau. Faskare shi ne abin da ke gaggauta wannan bushewa, domin ɓawo riƙe danshi yake, tsagaggen ciki kuma iska na shigarsa ta kowane gefe.

Iccen da za ka saya

In garwashi kake so, bagaruwa ce a gaba. Tana da nauyi, cikinta ja, tana ci a hankali, garwashinta yana daɗewa bai koma toka ba. Aduwa ma haka take, ga ƙarancin hayaƙi, sai dai tana gajiyar da hannu wurin faskare. Kirya ta fi su duka tauri, da ita maƙera ke yin gawayi, da ita ake sassaƙa turmi, amma ta yi ƙaranci ƙwarai, kuma ni ba na son in ƙona iccen da ya rage kaɗan don ɗuma ruwan wanka. Geza da sabara sirara ne, ba su cika buƙatar gatari ba, suna kamawa nan take su ba da harshe mai kyau su kuma mutu da wuri, don haka na girki ne da na tada wuta. Bedi, wanda wasu ke ce wa dogon yaro, yana tsakiya, kuma shi ya fi samuwa a cikin gari tunda kusan kowane gida da nasa. Tun 1975 aka fara dasa shi layi-layi a kwarin Majiya, wajen Buza, don ya kare gonaki daga iska, daga baya saran rassansa ya zama hanyar samun icce ga mutanen wurin ba tare da an kashe bishiyar ba. In ka samu iccen turare, ka faskara shi tun yana ɗanye, domin in ya bushe zarensa murɗewa yake ya ƙi gatari. Tumfafiya da kuka kada ka ba da kuɗinka a kansu: ta farko hayaƙi mai yaji, ta biyu cikinta kamar soso. Haka tsoffin katakai masu fenti, ko waɗanda aka shafa wa baƙin mai saboda gara. Hayaƙinsu guba ne, bai dace da tukunya ba balle ɗakin tsoho.

Kafin ka biya, zaro biyu daga tsakiyar kaya, ba na sama da aka ƙawata ba, ka gwara su da juna. Busasshe ƙara yake mai tsini, kamar an buga taɓarya biyu. Ɗanye sai ka ji dim, sautin ya mutu a wurin. Duba bakin yankan: busasshe yana da tsage-tsage da suka taso daga tsakiya, ɓawonsa ya saki. In ka ga ƙananan huji da gari na zuba kamar na dawa, ƙwaro ya riga ka cin rabinsa, zai yi maka sauƙin ɗauka amma ba zai bar garwashi ba.

Akwai maganar doka, kuma ba wasa ba ce. Dokar gandun daji ta 2004 ita ke tsara sare itatuwa a Nijar, gawo kuma yana cikin itatuwan da aka kare, ba a sare shi sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Ko ba doka, manomin da ya san gawo ba ya kashe shi, tunda da damina yake zubar da ganye ya bar wa hatsi rana da taki, da rani kuma ya ba dabbobi inuwa da ƴaƴa. Tun 1992 aka kafa kasuwannin icce na karkara, inda mutanen ƙauye ke sayar da iccen dajinsu bisa ƙa'ida, kuma da yawa daga iccen da ke shiga Yamai daga wajen Sayi da Torodi yake fitowa. A irin waɗannan kasuwanni da siter ake awo, wato jerin icce mai mita 1 a tsawo, mita 1 a faɗi, mita 1 a tsayi. Ka riƙe wannan awon a kanka ko da a amalanke kake saye, zai taimake ka ka san abin da gidanka ke ci a wata. Mai gona kuwa, in yana sassabin zamani, yana barin tohon kututture biyu ko uku su tashi yana rage sauran, to rassan da yake ragewa su ma icce ne, na halas ɗinsa.

Gatari da ƴan rakiyarsa

Gatari iri biyu ne a hannun mutane. Akwai na maƙeranmu, mai siririn ruwa da wutsiya, wanda ake huda kan ƙota da jan ƙarfe a soka shi. Akwai na kanti, mai rami a ƙeya wanda ƙota ke shiga ciki. Na maƙera yana nitsewa sosai, ƙullin kan ƙotarsa kuma yana ƙara masa nauyi, ya dace da iccen da ke kwance. Na kanti kumatunsa sun fi faɗi, yana buɗe icce maimakon ya maƙale, ya dace da gungumen da aka tsayar. Wanda duk kake da shi zai yi aiki in ka san halinsa.

Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne iskar ɗari tana tsotse ƙota kamar yadda take tsotse fata. Gatarin da ya zauna daram da damina, sai ka tarar yana kaɗawa a Nuwamba. Kafin sara na farko, riƙe shi ka girgiza. In na kanti ne kuma ya yi sako-sako, sassaƙa ɗan guntun busasshen icce mai tauri, mai tsini a gefe guda, ka buga shi ta saman ramin har ya cika. Wasu sukan jiƙa kan gatarin cikin ruwa ya kwana. Yana kamewa na yini guda, amma in ya sake bushewa ya fi da kaɗawa, don haka ba magani ba ne. In na maƙera ne, sara da kansa yana ƙara tura wutsiyar ciki, haɗarinsa yana ga kan ƙota: duba ko tsaga ta taso daga hujin. In ta taso, ko siririya ce kamar zare, canza ƙota. Ta aduwa tana da ƙarko. Ruwan gatarin da ya fice a tsakiyar sara ba ya zaɓar inda zai sauka.

Wasawa ba sai ya yi kaifin aska ba. Bakin da ya yi siriri da yawa nitsewa yake ya maƙale, ko ya ɓalle in ya gamu da gaɓa. Ka bi shi da magagari ko dutsen washi, gefe da gefe daidai, har ya rabu da dakushewa da ƴan giɓi, ka bar masa kaurinsa.

Don manyan gungumai kana buƙatar guduma mai nauyi da ƙarfen tsaga guda biyu, wato guntun ƙarfe mai baki a gefe ɗaya da kauri a ɗayan. Kowane maƙeri zai ƙera maka daga tsohon ƙarfen mota. Biyu na ce, domin in ɗaya ya nitse ya maƙale, ɗan'uwansa ne zai fito da shi. In kan ƙarfen ya baje saboda duka har ya yi leɓe, kai shi a goge, don leɓen nan ɓallewa yake ya tashi kamar harsashi. Kada ka daki ƙeyar gatari da gudumar ƙarfe. In dole sai ka doka, tsohuwar taɓarya ta fi.

Sa rufaffen takalmi, ba silifa ba. Babbar riga da rawani mai jela a rataye su a ɗaki. Tabarau ko na masu babur ne yana kare ido daga ɓarɓashi.

Filin aiki

Ka zaɓi wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe. Rairayi yana shanye ƙarfin sara, tsakuwa kuma tana cin bakin gatari. Sa'an nan ka ɗaga kai ka duba sama. Wata shekara na ɗaga gatari a tsakar gidanmu ban lura da igiyar shanya ba, ta kama shi ta baya, ya kauce ya sauka ƙasa kusa da babban yatsan ƙafata, tazarar ba ta kai taƙi ba. Tun daga ranar ba na fara aiki sai na miƙa gatarin sama na juya da shi ta kowane gefe na tabbata ba igiya, ba reshe, ba bakin rumfa. Yara su koma nesa, aƙalla taku goma, kuma kada kowa ya tsaya a gabanka ko a bayanka. Yaro yana son ya ruga ya ɗauki guntun da ya faɗi, don haka ka gaya masa tun farko cewa ba a tsince sai gatari ya jingina da bango. Awaki a ɗaure su. Lokacin da ya fi shi ne da hantsi, jiki ya saki, haske ya wadata. Bayan la'asar sakaliya ido ya fara gajiya, a bari sai gobe.

In kana da zarto, yanka iccen kamu guda-guda, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Wannan tsawon yana shiga murhun duwatsu uku, yana shiga murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi, kuma gajeren icce ya fi dogo saurin tsagewa nesa ba kusa ba. Ka ware gungume ɗaya mai faɗi, mai gaɓoɓi, wanda dama ba zai faskaru ba, ya zama matashin da za ka riƙa ɗora sauran a kai. Kada tsayinsa ya kai gwiwa. In ka samu tsohuwar tayar mota ka ɗora a kansa ka zuba iccen a cikinta, guntaye ba za su riƙa tsalle kana bin su ba, bayanka zai gode maka.

Saran kansa

Kawuna ne ya koya mini, a ƙauyensu wajen Kaita. Ya same ni ina ta dukan gungumen bagaruwa a tsakiya, gumi ya jiƙa ni, iccen ko gezau. Ya ce, "Yaron ga, icce bai san hushi ba. Diba inda yab buɗe baki, nan za ka sara." Na ce, "Kawu, ai ban ga baki ba." Ya juya gungumen da ƙafa, ya nuna mini wata siririyar tsaga da ta taso daga tsakiya ta nufi gefe, ya karɓi gatarin ya sara sau biyu a kanta, iccen ya rabe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, gatari ma haka.

Saboda haka kowane gungume ka fara karanta shi. Nemi tsagar da ta fi girma, ka juya ta ta fuskance ka, bakin gatari ya sauka a kan layinta. Nemi gaɓoɓi, wato inda reshe ya taɓa fitowa, domin a nan zaren icce ya naɗe ya zama kamar ƙarfe. Kada layin saranka ya ratsa ta cikin gaɓa, ya bi ta gefenta. In gaɓar tana kusa da baki ɗaya, mayar da wannan bakin ƙasa, ka sara ta bakin da yake sumul. Mai rassa biyu kamar gwafa, kifa shi, rassan su dubi ƙasa, ka shiga ta gindi.

Tsayuwa: buɗe ƙafafu su ɗan wuce faɗin kafaɗa, duka biyu a layi ɗaya, kada wata ta shige gaba. Miƙa hannuwa ka ɗora bakin gatarin a inda kake nufi, wannan ita ce tazararka, kada ka matsa daga nan. Hannu ɗaya ya riƙe gindin ƙota, ɗayan ya kama kusa da ruwan gatari. Ɗaga shi sama da kai, ta tsakiyar jiki, ba ta kafaɗa ɗaya ba. Yayin da yake saukowa, hannun sama ya zame ya tarar da na ƙasa, kai kuma ka ɗan durƙusa, gwiwoyi su lanƙwashe, ɗuwawu ya koma baya. Durƙuson nan shi ne kariyar ƙafarka. In ka tsaya a miƙe gatari ya kuskure, zagayowa zai yi ya nufi ƙwaurinka. In ka durƙusa, ƙasa zai sara. Idonka a kan tsagar, ba a kan gatari ba. Nauyin ƙarfen ne yake aikin, naka shi ne ka kai shi wurin da sauri.

Ka nufi gefen da ke kusa da kai, ba tsakiya ba, ba kuma gefen can ba. Tsakiya ita ce inda icce ya fi riƙe kansa. Gefen can kuwa, in ka zarce kaɗan, wuyan ƙota ne zai daki iccen, kuma haka yawancin ƙotoci ke karyewa. Gungumen da ya fi ƙarfin a raba shi biyu, bi shi ta gefe-gefe kana ɓalle masa ɓari, kamar yadda ake feraye kabewa, har tsakiyar ta ƙanƙance ta sallama.

In gatari ya maƙale, kada ka murɗa shi hagu da dama, ƙota za ka karya. Daki gindin ƙotar da tafin hannu, sama da ƙasa, zai saki. In guntun ƙarami ne, ɗaga su tare, juya gatarin a sama, ƙeyarsa ta daki matashin, nauyin iccen da kansa zai tsaga shi.

Yawancin iccen da ake kawo mana dogo ne, da gatari aka sare shi, bakinsa ba ya tsayuwa. Irin wannan a kwance ake faskara shi, kuma a nan ne mutane suka fi jin rauni, saboda al'adar taka icce da ƙafa ɗaya ana sara kusa da ita. Na san masu faskare da yawa haka suke yi shekara da shekaru, na kuma san waɗanda suka rasa yatsu a haka. Ga yadda ya fi: kwantar da wani babban gungume a gicciye a gabanka, ɗora bakin wanda za ka faskara a kansa ta can gefen, yadda gungumen zai zama katanga tsakanin ƙafafunka da bakin gatari. Sara a bakin da ke kan matashin, tsaga ta fara, ka bi ta sannu-sannu zuwa ɗaya bakin. In mai kauri ne, buga ƙarfen tsaga a bakin da ya fi girma har ya buɗe, sa na biyu a inda tsagar ta tsaya, ka doka har na farko ya saki, ka cire shi ka kai shi gaba. Haka za su yi ta tsallake juna har ƙarshe. Zaren da ya rage yana riƙe ɓarin biyu, gatari ko adda ta yanke shi. Kada ka taɓa sa yatsa cikin tsagar da ƙarfe ke riƙe da ita, in ƙarfen ya fice rufewa take kamar tarko.

Wanda ka sara sau biyar ko shida bai nuna alama ba, ajiye shi gefe. Yana da ranarsa, ƙarƙashin tukunyar jego ko wutar hira a ƙofar gida. Kai ma in ka ga saranka ya fara kaucewa daga inda ka nufa, gajiya ce, zauna ka sha ruwa. Sartse in ya shiga hannu a cire shi nan take a wanke da sabulu. Sara mai zurfi kuwa a danne da tsabtataccen ƙyalle a tafi likita, a kuma yi maganar allurar rigakafin sandarewar jiki, kada a zuba toka ko ƙasa.

Tun kana faskarawa ka riƙa jefawa kashi uku. Sirara kamar yatsa, tare da ɓawo da ɓarɓashi, na tada wuta ne, a tara su a tsohon buhu ko kwando, su ne za su hana a kunna wuta da leda. Masu kaurin wuyan hannu na girki. Masu kaurin ƙwauri, musamman bagaruwa da aduwa, na garwashi.

Jeri

Iccen da aka faskara aka bari a tsibe a ƙasa, an yi wa gara girki. A nan ƙasar ita ce babbar abokiyar gaba, ta fi ruwan sama, domin cikin ƴan kwanaki za ta yi gini ta ƙarƙashi ba ka sani ba. Abin da Allah ya hore wa Adar, wato yankinmu na Tawa, shi ne duwatsu, to a yi amfani da su. Share wurin tas, barbaɗa tokar murhu da kauri, jera manyan duwatsu ko tubalan siminti layi biyu, ka ɗora dogayen sanduna biyu ko tsoffin ƙarafa a kansu. Tsakanin ƙasa da iccen farko a samu kamar taƙi guda, yadda za ka iya leƙawa ka ga ko gara ta fara hawa dutse.

Wurin ya yi nesa da murhu, da zana, da rumbu, da inda aka ɗora harawa ko kara. Gobarar ɗari ba ta jira, iska ce ke tura ta. Kada ka jingina jerin da bangon laka, bar tazarar da mutum zai iya sa hannu har kafaɗa, don iska ta zagaya kuma gara kada ta samu gada zuwa ɗaki. Ka sa bakunan iccen su dubi inda iskar ɗari ke fitowa, ta shiga ta nan ta fita ta can.

Fara da ginshiƙai biyu, ɗaya a kowane ƙarshe. Zaɓi miƙaƙƙun ɓari, ka kwantar da uku a jere, ka ɗora uku a gicciye a kansu, ka sake uku kamar na farko, haka har sama. Waɗannan su ke riƙe jerin, kuma kowane hawa ka danna da hannu ka ji ko yana rawa. In yana rawa, juya ɓarin ko ka canza shi tun a nan, domin kuskuren hawa na biyu a hawa na takwas yake rushewa. Tsakanin ginshiƙan sai ka jera sauran duk fuska ɗaya, manya a ƙasa, kana tafiya da ginshiƙan da tsakiyar tare. Icce yana da kai mai kauri da mai siriri, ka riƙa sauya su, in ba haka ba jerin zai karkata gefe ɗaya. Kada ka matse su kamar tubali, bar ƴan kafofin da ɓera zai iya wucewa. Tsayi kada ya wuce ƙirjinka, in kuma gidan akwai ƙananan yara masu hawa, ya tsaya a ƙugu. Jeri biyu gajeru sun fi ɗaya dogo, na girki daban, na garwashi daban, don kada a wayi gari an ƙone bagaruwar Inna wurin dafa wake.

Ɗanyen bedin da na faskara sirara a farkon Nuwamba yakan yi ƙarar busasshe kafin Disamba ta ƙare, masu kauri sukan nemi ƙarin wata guda ko biyu. Iskarmu tana yin wannan aikin da sauri. Da rani ba ya buƙatar rufi. Abin da ya rage har Mayu, a ɗora masa tsohon kwanon rufi a danne da duwatsu kafin hadarin gabas ya fara, saman kawai, gefuna a buɗe. Lulluɓe shi da leda har ƙasa riƙe danshi yake ya kira gara.

Kowane mako ka leƙa ƙarƙashi. In ka ga jan gini ya hau dutse, kankare shi ka ƙara toka. Wurin ɗiba, daga sama ake ɗauka, tsohon jeri kafin sabo. Jerin icce gidan kunama ne, wani lokaci har maciji, don haka a fara bubbuga shi da sanda, a ɗauki ɓari ta bakinsa a kakkaɓe kafin a rungume. Iccen dare a ɗebe shi tun da rana. Kada a aiki yaro jeri bayan magariba, in ya zama dole a tafi da fitila.

Daga jeri zuwa ɗaki

Ba a hura wutar icce a cikin rufaffen ɗaki. A tsakar gida ake kunna ta, ƙirare a ƙasa, matsakaita a kai, manya biyu ko uku daga bisani, a bar ta ta ci har harshe ya kwanta, hayaƙi ya ɗauke, ya rage jan garwashi. Sa'an nan a zuba toka ko rairayi a gindin kasko, a kwashi garwashin da cebur a zuba, a tsince duk wani guntu mai baƙin kai da bai gama ci ba, tunda shi ne mai hayaƙi. A ajiye kaskon a kan ƙasa ko faifan dutse, nesa da tabarma, katifa, gidan sauro da bakin zane.

Garwashin da ba ya hayaƙi ma yana fitar da wata iskar guba marar launi marar wari, wadda Turawa ke kira kabon monoksaid. Tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau 200 da ɗoriya, kuma mai barci ba ya jin shigarta. Saboda haka taga ko ƙofa a bar ta a ɗan buɗe muddin kasko na ciki, kuma a fitar da shi kafin kowa ya kwanta. In wani ya fara jin ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko kasala a ɗakin da ke da wuta, balle in mutum biyu suka ji tare, a buɗe ko'ina a fito da su waje nan take, a kai su likita. Tsofaffi, jarirai da masu ciki su suka fi saurin faɗuwa.

Inna ta kan so a bar mata kaskon ya kwana. Nakan ce, "Inna, bari in kai shi waje, ɗakin ya riga ya ɗauki ɗumi, ga bargo na biyu." Takan yi ɗan gunaguni, sa'an nan ta ce, "To, Allah shi yi ma albarka, rufe min shi da toka." Sai in fitar da shi bakin murhu, in tattara garwashin wuri ɗaya, in binne shi da toka mai kauri, in kifa tsohon kwano a kai saboda iska da kaji. In bagaruwa ce, da kiran sallar farko ana tonawa za a tarar da ja a ciki. Ɓawo kaɗan daga buhun nan, ƙirare uku ko huɗu, a hura sau biyu, ruwan alwalarta ya hau.